Gaje da Dutsen da Ke Tuɓe Rigarsa

A wani zamani can baya, a garin Tsamiyar Kura, an yi wata maginiyar tukwane da ake kira Gaje. Mijinta Nomau haƙar rijiya ce sana'arsa. Wata ranar Laraba da hantsi ya shiga wata rijiya da yake haƙa a bayan gari, mai zurfin gaba goma sha biyu, masu jan guga suna sama suna jira ya girgiza igiya. Shiru, shiru. Da suka gaji da jira suka jawo gugan, sai ga shi cike da wani abu fari fat kamar auduga, sanyinsa yana cizon hannu. Kafin a kai shi gaban mai unguwa ya narke ya zama ruwa. Aka leƙa rijiya aka yi ta kiran Nomau har muryoyi suka dushe, babu amsa.

Maza suka tsaya cirko-cirko a bakin rijiyar, kowa yana cewa wannan aikin mutanen ɓoye ne, ba mai shiga. Gaje ta iso, ta leƙa, ta daɗe tana kallon bangon rijiyar. Sannan ta miƙa wa surukarta 'yarta Hakama mai shekara huɗu, ta koma gida ta ɗauko bargo da ƙwarya da ƙullin dabino da dagin mijinta na haƙa, ta ɗaura igiya a ƙugu.

Ta ce, "Ku zura ni."

Mai unguwa ya ce, "Haba Gaje, abin da maza suka ja da baya?"

Ta ce, "Baba, bangon nan lafiya yake, ba ruftawa ya yi da shi ba. Wani wuri ya tafi, zan je in ga wurin."

Ba wanda ya musa mata zancen bango, domin garin duk an san Gaje da rami. Tun tana shekara goma sha biyu ramin yumɓu ya rufta da yayarta Delu a kan idonta. Daga ranar ba ta ƙara shiga rami ba sai ta karanta bangonsa, ta san wace ƙasa ce ke zaune a kan wace.

Da ƙafarta ta taɓa ƙasan rijiya sai ta ga wata kafa a gefe, haske da iska mai sanyi suna fitowa daga ciki. Ta kwance igiya ta rarrafa. Ba ta yi nisa ba ta fito ta ƙarƙashin wani baƙin dutse, ta miƙe tsaye. Duk inda ido ya kai fari ne. A gabanta wani dutse ne ya tokare sama, lulluɓe da farin abin nan tun daga ƙafa har kai. Sanyi ya shiga ƙashinta kamar ana soka mata allura.

Sai ta ji wata murya kamar ana kaɗa ƙararrawa: "Ya ke 'yar Adam, wa ya nuna miki ƙofar da ba a buɗe domin ki ba?"

Ta ɗaga kai. Wani aljani ne, tsawonsa kamar giginya, jikinsa garau ana hango dutse ta cikinsa, gemunsa tsinkayen ƙanƙara ne da ke bugun juna in ya yi magana. Gaje ta dogara dagi ta tsaya.

Ta ce, "Sallama gare ka, mai ƙofa. Sunana Gaje. Mijina na biyo, mai haƙar rijiya."

Ya ce, "Aminci gare ki. Ni ne Ƙanƙaro, mai tsaron wannan ƙofa. Mijinki yana birnin Uwar Ɗari, sarauniyarmu, a kafaɗar dutsen can, shi da mahaƙa biyu. Maɓulɓularmu ta daskare, mu kuwa ba ma taɓa ƙarfe, shi ya sa aka ɗauko su a cikin guguwa. Ki sani, ƙofar nan kwana uku take yi a buɗe, yau ne na farko. In rana ta faɗi a na uku za ta rufe, ba ta sake buɗuwa sai bayan shekara arba'in. Dokata ce in raka baƙo, in ba shi abin rufa, amma ban da ɗaukarsa."

Ya jefa mata wata alkyabba ta farin gashi. Tana yafawa jikinta ya dawo. Ya ce mata farin abin nan sunansa dusar ƙanƙara, daga sama take zubowa kamar ruwa. Sannan ya nuna mata hanyoyi biyu. Ta farko wani faffaɗan gangare ne mai santsi, ya lotsa a tsakiya, ya miƙe tun daga ƙofa har bakin birni. Ya ce sunansa Faranti, tafiyar wuni ɗaya ce a hawa, rabin wuni a sauka. Ta biyu doron dutse ne mai tsini, ya yi kwana-kwana kamar maciji, tafiyar kwana biyu.

Gaje ta nufi Faranti. Taku na goma sha, sai ƙasa ta yi wani nishi a ƙarƙashinta, bum, kamar an kifa babban turmi, ta ji ta ɗan nutse. Wata siririyar tsaga ta tashi daga bakin ƙafarta ta yi gaba kamar zare. Ta daskare a tsaye. Ta san wannan nishin. Ta ja da baya a hankali, tana mayar da ƙafa a sawunta, har ta kai inda ƙasa ta kwanta.

Ƙanƙaro ya ce, "Me ya tsayar da ke? Dutse ne ke numfashi. Wani lokaci yakan yi fushi ya tuɓe rigarsa, ba wanda ya san ranar."

Ta dubi bayansa, ta ga duk tafiyar da ya yi bai bar sawu ko ɗaya ba. Ta ce, "Ku ba ku da nauyi, shi ya sa ba ku taɓa tambaya ba. Ni ina da shi."

Ta durƙusa ta hau haƙa da ƙwarya, har ta yi rami da ya kai mata ƙirji, ta share bangonsa ya yi sumul. Sai ga dusar ta fito hawa-hawa, kamar yadda laka da rairayi da marmara ke jeruwa a ramin yumɓu. Ta sama laushi gare ta, dunƙulen hannu ya shige. Ta ƙarƙashinta ta yi tauri kamar daɓe, da ƙyar yatsa ɗaya ya huda ta, kaurinta ya kai kamu ɗaya. Ƙarƙashin wannan kuwa ta sami wata 'yar shimfiɗa da ba ta fi faɗin yatsa biyu ba. Ta ɗebo ta matsa a tafin hannu, ta ƙi dunƙuluwa, ta zube ta tsakanin yatsunta kamar gishiri.

Ta yanka dusar da dagi ta ware wani ginshiƙi shi kaɗai, ta kifa ƙwarya a kansa, ta fara bugawa da tafin hannu a hankali. Bugu na huɗu, saman ginshiƙin ya zame sul ya faɗo mata a ƙafa, daidai kan shimfiɗar gishirin.

Ta ce, "Ka gani? Ba fushi ba ne. Daɓe ne aka shimfiɗa a kan tsaki, aka jingina a gangare. Jira yake a taka shi."

Ƙanƙaro ya sunkuyo, gemunsa yana ƙara, ya daɗe yana duban ramin. Ya ce, "Shekara dubu ina tsaron dutsen nan, ban taɓa ganin cikinsa ba. Amma ki lura, in kika bi doro, sai safiyar rana ta uku za ki isa birni."

Ta ce, "Gara in isa a makare."

Suka kama doro. Tun ba a je ko'ina ba dusa ta riƙa haɗiye ta har cinya. Ta ga wani farin zomo mai faffaɗan tafin ƙafa yana gudu a kai bai nutse ba, sai ta karyo rassan wata bishiya mai ganye kamar allura, ta saƙa su kamar faifai guda biyu, ta yaga gefen zanenta ta ɗaure su a ƙafa. Hasken dusa ya fara kashe mata ido, ta ciro tandun kwallinta ta shafa baƙi a ƙarƙashin idanu. Suka ratsa wani kwari inda magana ke daskarewa a baki ta faɗo ƙasa kamar tsakuwa, ta wuce shi bakinta a rufe. Suka iske wani rami marar iyaka da gadoji uku na dusa a kansa. Ta soka dagi a ta farko ya wuce fayau, ta biyu ma haka, ta uku ya tokari ƙanƙara. Ta kwanta rub da ciki ta ja jiki ta haye, tana jin iska na kuka a ƙarƙashinta.

Rana ta biyu da azahar suka iso wani kwazazzabo da ya yanke doron, yana fuskantar rana. Faɗinsa bai fi jifa ɗaya ba. Gaje ta tsaya. Ta ga ƙananan dunƙulaye suna gangarowa daga sama su kaɗai, suna naɗuwa kamar gammo. Ta damƙi dusa ta matsa, ruwa ya ɗigo.

Ƙanƙaro ya ce, "Ga hasumiyar birni can ana hangowa. Kin fi yadda na zata sauri, in kika haye yanzu, yau za ki ga mijinki."

Zuciyarta ta yi ta ja mata ƙafa. Ta tuna Hakama, ta lissafa abin da ya rage na lokaci, hawaye ya zubo ya daskare a kumatunta. Amma ta zauna a kan wani dutse ta ce, "Rana ta jiƙa shi. Sai ya kwana ya sake ƙanƙamewa."

Ba a yi la'asar ba kwazazzabon ya kwararo gaba ɗayansa, dusa da duwatsu kamar kunu, da ƙara mai firgitarwa. Daga nan Ƙanƙaro ya daina tafiya a gabanta, ya koma bayanta. Suka kwana a wani kogo. Kafin gari ya waye sabuwar dusa ta zubo mai yawa, iska mai ƙarfi tana kwasarta daga yamma tana jibgewa a gabas, wato ɓangaren Faranti. Da sassafe kwazazzabon ya yi tauri kamar dutse, Gaje ta sassare matakai da dagi ta haye.

Birnin Uwar Ɗari da shuɗiyar ƙanƙara aka gina shi, soraye a kan soraye. A tsakiyarsa wata sabuwar rijiya ce ke fitar da tururi, aljanu sun kewaye ta suna murna. A gefe mutum uku ne zaune a takure cikin farin gashi. Nomau ya ɗago kai ya gan ta, ya miƙe zumbur.

"Gaje? Ke ce? Ina Hakama?"

"Tana wurin Inna, maigida. Tashi, lokaci ya ƙure."

Sauran biyun su ne Baba Barmo, wani tsoho mai furfura wanda ya shekara hamsin yana haƙa, da Jatau, wani ƙaƙƙarfa mai saurin fushi daga wani gari na gabas.

Aka shigar da su gaban sarauniya. Uwar Ɗari tana zaune a kan karagar ƙanƙara, gashinta farin hazo ne da ke tashi yana sauka, idanunta kamar taurari biyu.

Ta ce, "Ya ke 'yar Adam, tun da aka kafa birnin nan ba mai jini a jiki da ya taɓa iso shi da ƙafarsa. Faɗi buƙatarki."

Gaje ta durƙusa ta ce, "Ranki ya daɗe, mutanen nan sun yi miki aiki, ruwanki ya fito. Suna da iyali. Ki sallame su."

Sarauniya ta ce, "Niyyata in riƙe su, domin rijiya takan buƙaci yasa. Amma wahalarki ta isa a saurare ki. Na ba ki su ukun, bisa sharaɗi: babu aljanin da zai ɗauke ku, ko ya taɓa muku dusa. In kun kai ƙofa kafin rana ta faɗi, kun tsira. In ba ku kai ba, ku huɗu nawa ne har ƙarshen ranku. Kin yarda?"

Gaje ta ce, "Na yarda. Sai dai a ba mu kayan aikinmu, da igiyar rijiya."

Aka ba su. Suka fito bakin birni rana tana hantsi. Doro ba ya cikin lissafi, ko da gudu ba za su gama shi ba. Faranti kaɗai ya rage, ga shi shimfiɗe a ƙarƙashinsu fari sol, can ƙasa ana hango baƙin dutsen ƙofa kamar ƙwayar wake. A bakin gangaren iska ta gina wani ƙaton leɓe na dusa, ya zazzago waje kamar rumfa, girmansa ya kai ɗaki uku.

Jatau ya saɓa dagi ya ce, "To me ake jira? Ga hanya kamar tabarma."

Gaje ta sha gabansa. "Dakata, Malam Jatau. Shekaranjiya na duba shi daga ƙasa, a ɗane yake kamar tarko. Jiya kuma iska ta ƙara masa kaya."

Ya ce, "Matar Nomau, mun gode da kika zo. Amma mu ne mahaƙa, ke tukunya kika sani. Ina da 'ya'ya biyar. Ba zan tsaya ina kallon rana tana tafiya ba."

Ta ce, "Ba ni lokacin da za a dafa ruwa. In na yi ƙarya, ka wuce, ni zan bi bayanka."

Baba Barmo ya ce, "Jatau, bar ta. Wadda ta hawo nan da ƙafarta ta san abin da ba mu sani ba."

Ta sa Nomau ya ɗaura mata igiya ya riƙe, ta sauka wani ɗan gefe mai fuska ɗaya da Faranti amma gajere, ta haƙa rami. Mazan suka leƙo. Sabuwar dusar da iska ta daɓe ta kai kamu biyu, a ƙarƙashinta tsohon daɓen, can ƙasa kuma ga shimfiɗar gishirin nan tana nan yadda take. Ta ware ginshiƙi. Ba ta ma kai ga bugawa ba, tana zare dagi ya zame da kansa.

Baba Barmo ya yi salati. Ya ce, "Laka a kan rairayi. Irin wannan ce ta ci ƙanena a rijiyar Dogon Marke."

Jatau ya zauna daɓas ya dafe kai. Ya ce, "Shi ke nan. In mun bi mu mutu, in mun tsaya mu dawwama."

Gaje ta fito daga ramin tana kallon leɓen nan da ya zazzago. Ta ce, "Maigida, in bangon rijiya yana shirin ruftawa, kuma dole a yi aiki a ƙasansa, yaya kuke yi?"

Nomau ya ce, "Mukan fito, mu ture shi da kanmu daga sama, sannan mu shiga."

Ta ce, "To haka za mu yi wa dutsen nan. Mu jefa masa abin da ya fi mu nauyi, ya zubar da kayansa ba mu a kai."

Suka ƙulla ƙulli-ƙulli a tsakiyar igiyar rijiya, suka cusa tsakuwoyi a ciki don ta yi haƙora. Gaje ta soka dagi tana matsawa baya har ta tabbatar inda dutse na gaskiya yake a ƙarƙashin ƙafa, ta ja layi ta ce kada wanda ya ƙetare shi. Da ƙyar suka wurga igiyar ta kewaye wuyan leɓen. Nomau da Gaje suka kama baki ɗaya, Jatau da Baba Barmo ɗayan, suka shiga ja suna saki kamar masu zarto. Tafin hannunsu ya tsage, jini ya daskare a jikin igiya. Rana ta kai tsaka ta fara karkata. Aljanu suka cika ganuwa suna kallo.

Jatau ya yi ihu, "Ba ya motsi!"

Gaje ta ce, "Ja dai!"

Sai suka ji ƙas. Leɓen ya sunkuya a hankali kamar raƙumi zai durƙusa, ya ɓalle, ya faɗa kan Faranti. Aka yi shiru na ƙiftawar ido. Sannan wata tsaga ta keta gangaren daga wannan gefe zuwa wancan, Faranti gaba ɗayansa ya farfashe kamar an saki tulu, ya tafi. Ƙarar ta fi tsawa dubu. Dutse ya girgiza har suka zube ƙasa, farar ƙura ta tashi ta rufe rana. Da ya lafa, sai ga gangaren ya zama tsirara, ƙasa mai tauri tana ƙyalli.

Gaje ta ce, "Yanzu. Ɗaya bayan ɗaya, da tazara. Kada wanda ya raɓi gefe inda sauran dusa ke rataye."

Ita ta fara sauka. Suka riƙa dogara dagi, wani wuri su taka, wani wuri su zauna su zame. A tsakiyar hanya faifan ƙafarta na hagu ya tsinke, takalmin ya bi shi, ta naɗe ƙafar da tsumma ta ci gaba. Ba a jima ba ta daina jin yatsunta, ba ta gaya wa kowa ba.

Suka iso ƙasa da la'asar sakaliya, suka tsaya turus. Babu baƙin dutse, babu ƙofa. Duk abin da ya zubo daga sama ya taru a wurin, tuli a kan tuli, faɗinsa ya kai kasuwa, ya ƙanƙame kamar ginin ƙasa. Ƙanƙaro yana tsaye a gefe. Ya ce, "Ƙofa tana nan a buɗe a ƙarƙashi. An hana ni taɓa dusa, an kuma hana ni nuni."

Gaje ta dubi tulin dusar. Ita ta kawo shawarar, ita ta binne ƙofar. Ta dubi rana, saura kamar tsawon mashi biyu ta taɓa dutse. Ta share fuska ta juyo wurin mazan.

Ta ce, "Nawa sanin ya ƙare a nan. Ku mahaƙa ne. Ta ƙofar nan iskar garinmu ke shigowa, kuma iskar garinmu zafi gare ta. Ku nemo min inda dusa ta jiƙe."

Idon Baba Barmo ya yi haske. Ya jera su sahu, kowa da dagi, taku ɗaya su soka, taku ɗaya su soka. Shi kuwa yana bin su yana shafa bakin kowane dagi yana sansanawa. A sahu na shida ya riƙe dagin Jatau, ya taɓa shi da harshe.

Ya ce, "Nan ne. Ruwa ne, kuma da ƙanshin ƙasa."

Ba su haƙa daga sama ba. Nomau ya ce su koma ƙasa kaɗan su shiga ta gefe, don kada su riƙa ɗaga dusa sama. Jatau ya shiga gaba yana sara kamar mahaukaci, Nomau yana turowa baya, Gaje da tsoho suna kwashewa da ƙwarya da hannu. In na gaba ya gaji, na baya ya karɓa. Inuwar dutse ta taho tana cin filin har ta hau kansu. Gaba ɗaya, gaba biyu, gaba uku. Sai dagin Jatau ya yi ƙara a kan dutse, iska mai ɗumi ta bugi fuskarsa.

Ƙofar ta riga ta fara tsukewa, da ƙyar kafaɗa za ta wuce. Suka tura Baba Barmo, Jatau ya bi. Gaje ta waiwaya. Ƙanƙaro ya durƙusa a bakin ramin, ƙaton idonsa ya cika shi.

Ya ce, "Ya ke Gaje, sauka lafiya. Duk baƙon da ya sake zuwa ƙofar nan, zan sa shi ya haƙa rami kafin ya taka."

Ta ce, "Ka kuma gaya masa, in ya ga gishirin nan, ya haƙura."

Nomau ya fizgo ta. Suna faɗawa cikin rijiya kafar ta haɗe a bayansu, bango ya koma kamar ba a taɓa huda shi ba, alkyabbun gashin suka narke a jikinsu suka zama ruwa. Can sama ga da'irar sararin magariba, ga kawunan mutane. Ashe kwana ukun nan masu jan guga ba su bar bakin rijiyar ba. Aka yi kabbara, aka zuro igiya.

Ba wanda ya kama ta. Gaje ta duba, sai ta ga mazan uku sun ja gefe suna kallonta.

Ta ce, "Me kuke jira?"

Jatau ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, duba mana bangon tukuna."

Dariya ta kama ta har da hawaye. Ta shafa bangon, ta ƙwanƙwasa shi, ta ce lafiya lau yake, tsoho ya fara hawa.

Yatsu biyu na ƙafarta ta hagu ba su dawo ba, wanzami ya cire su bayan mako guda, ta ƙare rayuwarta tana ɗan ɗingishi. Baba Barmo da Jatau suka yi kwana bakwai a gidan Nomau suna jinya, sannan aka haɗa su da ayari kowa ya nufi garinsu. Rijiyar kuwa aka ƙarasa ta, ta ba da ruwa mai daɗi, wanda ko a tsakiyar bazara sai mutum ya hura shi a baki saboda sanyi. Iyakar abin da ya zo mana na labarin Gaje ke nan.